Abin da Aka Ciro daga Tumbin Goshi

Surajo ya shekara ashirin da huɗu yana fawa a Bebeji, kuma duk tsawon wannan lokaci bai taɓa ganin Jibrin ya kawo saniya kwata da kansa ba. Jibrin makiyayi ne, rugarsu na can bayan Yako, yana kiwo yana kuma taɓa noman dawa. Idan wata buƙata ta taso masa aike yake yi, Surajo ya hau babur ya je, a sha fura, a yi hira, a nuna masa bajimi ɗaya a cikin garke, su daidaita. Macen saniya kuwa, ko da wasa Jibrin ba ya yarda a yi masa zancen sayar da ita.

Shi ya sa da Surajo ya hango shi da safiyar wata Talata cikin bazara, ana taya shi sauke saniya daga bayan a-kori-kura, sai ya san ba lafiya ba. Goshi ce. Duk wanda ya san rugar ya san ta, ja ce mai farin tabo a tsakiyar goshi, kuma ita ke shiga gaba idan garke ya fita. Yanzu kuwa daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinta. Ƙasusuwan ƙugunta sun fito kamar turaku, amma cikinta ya kumbura ta gefen hagu sai ka ce ta kusa haihuwa.

Suka gaisa, aka tambayi mutanen gida da dabbobi da zafin gari. Sannan Jibrin ya dubi ƙasa ya ce, "Wata huɗu ke nan tana haka. Ta daina tuƙa, nono ya ƙafe. Na ba ta kanwa, na ba ta saiwa, an yi mata allurar tsutsa har sau biyu. Ka sa mata harawa a gaba, ta shinshina ta kau da kai. Jiya da ta kwanta sai da muka taru muka ɗaga ta. Ba na so ta mutu mushe, Surajo. Kuma ba na so wanda bai san ta ba ya sa mata wuƙa."

Surajo ya shafa wuyan saniyar.

Malama Hussaina, ma'aikaciyar lafiyar dabbobi da ke duba duk abin da za a yanka a kwatar, ta zo ta buɗe idon Goshi da bakinta, ta danna cikin da dunƙulen hannu. Wajen ya lotsa, ya daɗe bai dawo ba. Ta ce, "Akwai abin da nake zargi, amma a buɗe mu gani."

Da aka kayar da saniyar, Jibrin ya juya baya ya tafi gindin wata darbejiya ya tsaya. Surajo ya yi bisimilla ya yanka. Aka feɗe, Malama Hussaina ta duba hanta da huhu da zuciya, ta ce lafiyarsu ƙalau. Sai aka zo kan tumbi. Surajo ya sa wuƙa, yana jiran toroson nan mai laushi da ya saba gani ya zubo, sai wuƙar ta turje. Ya ƙara tsagawa. Wani dunƙule ya bayyana, baƙi-baƙi, kore-kore, a murɗe kamar saiwar tsohuwar bishiya, girmansa ya kai tulu. Ya kama gefe ɗaya ya ja, sai ga ledar fiyawata, rubutun jikinta ko gogewa bai yi ba. Ya sake ja, ga baƙar leda, ga zaren buhu, ga ledar biskit, har da guntun silifas. Duk sun sarƙe sun zama abu ɗaya mai tauri kamar kututture.

Malama Hussaina ta ce, "Abin da na zata ke nan. Cikinta a cike yake, amma yunwa ce take cin ta. Babu wurin da abinci zai zauna."

Jibrin ya dawo ya tsuguna gaban dunƙulen, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "A ina ta ci wannan duka?"

Malama Hussaina ta ce, "A hanya, Malam Jibrin. Da bazara ba ciyawa, kuna bi ta gefen juji da bayan kasuwa in za ku shayar da su. Gishiri suke bi. Duk ledar da aka zuba abinci mai gishiri ko mai maiƙo, in saniya ta sa ta a baki, sai ciki."

Surajo yana jin su, amma hankalinsa na wani wuri. Da yamma yakan gasa balangu a bakin tasha, ya barbaɗa yaji, ya zuba a baƙar leda, ya ƙara wata a kai. Yana da irin nasa ɗaurin: ya murɗa bakin ledar ya fitar da kunne biyu, don mai babur ya samu abin ratayawa a hannun babur. To, a cikin abin da ya jawo akwai wata baƙar leda, an yage cikinta, amma ɗaurin yana nan da kunnuwansa biyu. Ba zai iya rantsuwa cewa daga hannunsa ta fito ba. Amma wa kuma ke irin wannan ɗauri? Ya tura ta ƙarƙashin sauran da bakin wuƙa, bai nuna wa kowa ba.

Shi ba gwanin waya ba ne. Matarsa Hamdiyya ce ta koya masa ɗaukar bidiyo da tura saƙon murya, kuma ita kaɗai ya yi niyyar nuna wa, don ya san in da baki ya faɗa mata, za ta ce ya ƙara gishiri. Ya wanke hannu ya ciro wayar, ya ɗauki dunƙulen yana juya shi da sanda, yana cewa, "Kalli abin da muka ciro daga cikin saniya yau a kwata." Daga bayansa wani mahauci ya kira sunansa, muryar ta shiga. Ya tura mata, ya koma bakin aikinsa.

Hamdiyya tela ce a cikin gida. Tana cikin wani guruf na waya mai mata kusan ɗari biyu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada, inda suke tallar ɗinki da turaren wuta da kayan miya. Tana kuma da awaki uku da ke yini a lungu. Da ta ga bidiyon, nan take ta tura shi guruf ɗin ta rubuta a ƙasa: "Mata, mu kula da awakinmu."

Kafin magaribar Laraba bidiyon ya bar hannun mata ya shiga gari. Wani da ba a san ko wane ne ba ya cire maganar Hamdiyya ya sa tasa: "Hattara da naman Bebeji! Ga abin da mahauta ke ciyar da mu." Haka ya dawo wayar Surajo daga mutum huɗu dabam-dabam, ɗaya ma surukinsa ne.

Ran Alhamis nama ya yini a rataye. Wata mai tuwo-tuwo da ta shekara goma ba ta sayen nama a wajen kowa sai shi, ta zo wucewa ta gaishe shi daga nesa ta ƙara sauri. Ba shi kaɗai abin ya shafa ba, duk layin mahauta haka aka zauna ana korar ƙuda. Da azahar Baba Abdulmumini, dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar, wanda kuma ya yi zamani da mahaifin Surajo, ya sa aka kira shi.

Surajo ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Surajo, kana tsammanin kai ka fara ganin leda a cikin dabba? Ni na gani, kowa a layin nan ya gani. Mukan jefar mu yi shiru. Kowace sana'a da sirrinta. Yau ga shi ka tona mana ciki a gaban duniya, mutum goma sha ɗaya za su koma gida da nama."

"Na yi kuskure, Baba. Wallahi iyalina kaɗai na tura wa."

"To ka je ka goge."

"Baba, ba ya goguwa. Ya riga ya shiga wayoyin mutane."

Dattijon ya girgiza kai. "Da can an ce magana zarar bunu ce. Yanzu kun samo abin da ke zare rufin ɗaki gaba ɗaya. Tashi ka je."

Bayan la'asar Surajo ya shiga gida ransa a ɓace. Hamdiyya na kan keken ɗinki, da ta ga fuskarsa ta tsayar da ƙafa.

Ya ce, "Na ce ki kalla, ban ce ki yi shela ba. Kin san abin da kika jawo mini?"

Ta ce, "Na sani, Abban Rumaisa. Tun jiya ban iya cin abinci ba. Ka yi haƙuri, ban yi tunanin zai kai haka ba." Hawaye ya zubo mata, ta share da bakin zane. Ya zauna kan turmi ya yi tagumi.

Can ta ɗauko wayarta ta matso. "Amma don Allah ka saurari wannan."

Muryar wata mata ce daga Badafi. Ta ce akuyarta ta bara haka ta yi, ta rame cikinta ya kumbura har ta mutu, aka ce mata sammu ne, har ta daina gaisawa da maƙwabciyarta. Ta ce yau da ta ga bidiyon nan ta je ta nemi gafarar matar. Hamdiyya ta danna wani. Wata daga Tudun Wada tana tambaya yaya ake gane dabba ta ci leda tun kafin abin ya yi nisa. Wata kuma ta ce ta leƙa bayan gidansu ta ga tumakinta uku a kan juji, sai ta ji kamar ta yi kuka.

Hamdiyya ta ce, "Masu zagi suna da yawa, amma masu tambaya sun fi su, kuma ba wanda ya ba su amsa. Ta inda aka hau, ta nan ake sauka. Ka sake yin wani, amma wannan karon ka yi bayani, fuskarka a fili."

"In sake? Ki ce in ƙarasa kashe kasuwar kawai."

"Ni dai shawara na bayar."

Kwana biyu yana juya maganar. Ran Asabar da safe ya kira Malama Hussaina ya gaya mata shawarar, ta ce ita ma abin ya dame ta, za ta same shi a rugar Jibrin. Ya hau babur ya kama hanyar Yako. Hanyar da ya bi sau ɗari ce, amma ran nan kamar an sake masa ido. Kowace ƙaya a gefen hanya da leda a maƙale tana kaɗawa. Gonakin da aka share ana jiran ruwa, baƙi-baƙi ne birjik a cikinsu kamar garken hankaki ya sauka. Ya wuce wata tunkiya tsaye a bakin kwalbati tana tauna wani abu fari, ya tsaya ya kore ta, ta koma gefe ta ci gaba.

Jibrin ya shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗorawa, aka kawo ruwa da fura. Ɗan maraƙin Goshi na ɗaure a turke kusa da su. Surajo ya kasa shan furar. Ya ajiye ludayi ya ba abokinsa labarin ledar nan mai kunne biyu, da yadda ya tura ta ƙasa da bakin wuƙa don kada a gani.

Jibrin ya saurare shi har ya gama. Sai ya yi ɗan murmushin da ba na daɗi ba, ya ce, "To ni fa? Ranar kasuwa nakan sha fiyawata uku, in yar a inda na tsaya. Gishirin da nake saya wa shanun nan, a leda ake ɗaura mini, in zazzage musu in bar ledar iska ta ɗauka. Wa ya sani ko tawa ta fi taka yawa a cikinta? Sha furarka, Surajo."

Da Malama Hussaina ta iso, ita ta riƙe wayar. Sau uku ana farawa Surajo yana sarƙewa, ya ce a tsaya. A na huɗu ya daina kallon wayar, ya kalli maraƙin, magana ta zo masa. Ya faɗi sunansa da sana'arsa, ya ce shi ya ɗauki bidiyon farko. Ya ce a cikin abin da aka ciro akwai ledar da yake kyautata zaton daga teburinsa ta fito, don haka ba ya nuna kowa da yatsa. Ya ce daga gobe duk wanda ya zo sayen nama da kwanonsa, zai ƙara masa gyara. Malama Hussaina ta juya wayar ta yi nata bayanin: cewa ita ta duba naman, ba cuta ce mai yaɗuwa ba, an zubar da tumbin, ta kuma lissafa alamomin da mai dabba zai lura da su. Jibrin ne ya yi na ƙarshe. Ya ba da labarin Goshi da Hausa, yadda take gane muryarsa daga nesa da yawan maruƙan da ta haifa masa. Da ya zo kan ramarta sai muryarsa ta karye, ya juya harshe zuwa Fulatanci ba tare da ya sani ba, ya ƙarasa da shi. Surajo ya so a sake, Malama Hussaina ta ce a bar shi haka.

Bidiyo na biyu bai yi gudun na farko ba, don labarin tsoro ya fi ƙafa. Kwana uku Surajo bai ga wani canji ba, har ya fara cewa a ransa aikin banza suka yi. Ashe abin yana tafiya ta inda bai zata ba. Maganar Jibrin ta Fulatanci ta bi rugage, ana tura ta daga waya zuwa waya a wajen masu caji. Ranar kasuwa makiyaya biyar da bai taɓa gani ba suka zo teburinsa, ba don sayen komai ba, sai don su gaishe shi su tambaya ko shi ne mutumin. Ɗaya ya ce tun da ya gani ya canza wa garkensa hanyar zuwa ruwa, ko da yake ta fi nisa.

Mai tuwo-tuwon nan ma ta dawo, da kwanon sha mai murfi a hannu. Ta ajiye a kan tebur ta ce, "Malam Surajo, an ce akwai gyara." Ba ta ambaci ran Alhamis ba, shi ma bai ambata ba. Ya yanko tsoka mai kyau ya ɗora mata.

Hamdiyya kuwa ta buɗe wani guruf dabam, ta sa masa suna Kwano da Murfi. Ka'idarsa ɗaya ce: kowace Juma'a da safe matan kowane lungu su tsince ledar ƙofar gidajensu da bayan gida, su cusa a buhu, su turo hoto. Makon farko hoto shida aka samu. Da matan wata unguwa suka ga na maƙwabtansu ya fi nasu cika, sai abin ya zama gasa, ana turo hoto ana tsokanar juna. Surajo shi ma ya ɗauki nasa aikin. Kullum in an gama fiɗa sai ya tura saƙon murya gajere: "Yau raguna uku da sa ɗaya. Rago ɗaya da leda, kamar cikin tafin hannu biyu." Malama Hussaina ta riƙa ƙarawa da yankin da dabbar ta fito, don mutanen wajen su san jujinsu na buƙatar gyara. Akwai ranar da ya manta bai tura ba, sai ga tambaya daga mata uku ko lafiya.

Sai dai ba wanda ya yi tunanin inda za a kai buhunan. Wasu matan suka cinna wa nasu wuta, hayaƙi ya turnuƙe lungu, yara da tsofaffi suna ta tari, Malama Hussaina ta roƙa a daina. Da aka rasa wuri, aka fara kawo su ƙofar gidan Surajo, tunda shi ya tayar da zancen. Cikin mako biyu suka yi tsibi har sun kusa kai katanga. Maƙwabcinsa ya same shi bayan sallar asuba ya ce, cikin ladabi, shi dai bai san an mayar da layinsu juji ba. Surajo ya ba shi haƙuri, ya shiga gida ya ce wa Hamdiyya, "Kin ga gyaran gangar auzinawa."

Ita kuwa sai ta fita da mayafinta ta ɗauki hoton tsibin, ta tura duk inda take da shiga, ta rubuta cewa ga leda an tara, ko akwai mai amfani da ita. Kwana biyar shiru. Ran na shida wani mutum ya kira daga Kano, ya ce yana da injin narka leda ana yin bokitai da takalman roba, ƙanwar matarsa ce ta tura masa hoton. Ya zo da mota ya kwashe ledar fiyawata kaf, ya ce zai riƙa zuwa duk wata. Baƙar leda kuwa ya ce ba ta yi masa. Ita ta rage musu, har wata mata daga Kiru ta turo bidiyon yadda take wanke ta, ta yayyanka, ta kitsa jakar cefane da ita. Wasu suka koya, wasu suka gwada suka watsar.

A bakin tasha abin ya fi wuya. Wata yamma wani magidanci a kan babur ya tsaya sayen balangu, Surajo ya tambaye shi ko ya zo da kwano. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ni da girmana in riƙa yawo da kwano a gari? In ba ka da leda ka faɗa mini in yi gaba."

Baba Abdulmumini na zaune a benci kusa da wajen, yana jiran mota. Mako uku ke nan ba abin da ke haɗa shi da Surajo sai amsa gaisuwa. Sai ya miƙe ya zo ya ce, "Kawo nan." Ya karɓi naman, ya nemi takarda mai kauri ya shimfiɗa, ya naɗe ta gefe huɗu. Ya tsinko silin kaba daga tsintsiyar mai shayi da ke gefe, ya ɗaure ƙunshin tamau ya bar masa maratayi, ya miƙa wa mai babur. "Haka muke yi kafin a haife ka, kuma ba wanda maiƙo ya taɓa ɓata wa riga." Mutumin ya karɓa yana dariya, ya rataya ya tafi.

Surajo ya ce, "Na gode, Baba. Ko za ka sake yi in ɗauka a waya, mutane su gani?"

Dattijon ya harare shi. "Hannuna kaɗai za ka ɗauka. In na ga fuskata a wayar wani, ni da kai ne."

Haka aka yi. Bidiyon hannun dattijon ya fi duk abin da Surajo ya taɓa turawa farin jini, har masu ƙosai biyu suka koma takarda.

Da damina ta kankama, kasuwar Surajo ta dawo, ko da yake akwai waɗanda suka tafi ba su sake waiwayo ba. Cikin mahauta goma sha ɗaya, huɗu ne suka bar leda, sauran suka ce mai saye ne sarki. Ranar kasuwa in an watse har yanzu filin yakan yi baƙi, kuma har yanzu yakan buɗe tumbi ya tarar da abin da ba ya so ya gani. Sai dai lungunan da matan ke tsincewa sun canza kama, wanda ya san su a da zai gane.

Wata safiya yana wasa wuƙa, saƙon murya ya shigo daga lambar da bai sani ba. Mutumin ya yi sallama ya ce sunansa Mainasara, mahauci ne a Doguwa. Ya ce jiya ya yanka sa ya ciro abin da ya fi na Goshi girma, ya ɗauka a waya, amma yana tsoron turawa don ya ji abin da ya faru a Bebeji. Yana neman shawara.

Surajo ya saurara sau biyu. Ya goge hannu, ya danna ya riƙe, ya ce, "Malam Mainasara, kada ka tura hoton shi kaɗai, zai cuce ka ya cuci 'yan'uwanka. Ka fara zuwa wajen dattawan sana'a ka gaya musu, ni ban yi haka ba kuma na ji a jikina. Ka nemi mai dabbar da ma'aikacin lafiya su tsaya kusa da kai. Kuma kafin ka ce mutane su tara leda, ka san inda za ka kai ta."

Ba a jima ba amsa ta dawo. Mainasara ya ce ya ji, amma dattawansu ba za su saurare shi ba, yaro suke ɗaukarsa. In da hali, Surajo ya zo da kansa ranar kasuwarsu.

Surajo bai taɓa tsayawa gaban taro ya yi magana ba. Ya gaya wa Hamdiyya, ta ce za ta goge masa farar rigarsa. Ya kira Jibrin, Jibrin ya ce yana da dangi a wajen da ya daɗe bai gani ba, za su tafi tare. Suka shiga ƙaramar bas da sassafe, suka wuce Tudun Wada, gonaki kore shar hagu da dama, masara ta kai ƙugu. Da suka sauka, wani siririn mutum mai ɗan gemu ya taho da sauri ya riƙe hannun Surajo da hannu biyu, ya ce shi ne Mainasara. Ya ja su zuwa wata rumfa a bayan layin mahauta. Surajo ya zata mutum biyar ko shida zai tarar. Sai ya ga rumfar a cike, mahauta a gaba, makiyaya da sandunansu a baya, har da mata masu abinci a tsaye daga gefe.

Ya nemi ruwa aka ba shi a moɗa, ya sha, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida dattawan ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya zauna inda aka nuna masa, Jibrin a gefensa, ya fara ba su labari tun daga farko.